Sun Gyara Ƙafa, Sun Bar Hannun Mai Aski

Akwai wani mai aski da ake kira Dogo. Mutum ne mai ban dariya, amma ku gyara zama, labarinsa ba na dariya ba ne.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi: kujera ɗaya mai juyawa, madubi, bencin masu jiran layi, sai wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Tun yana saurayi yake tsaye a bayan kujerar nan har furfura ta cim masa. Hannunsa na dama kuwa baiwa ce. Ko mai sanƙo ne ya zauna, Dogo zai lallaɓa 'yan gashin da suka rage a gefe har mutum ya tashi yana jin kansa ango. Yakan tsokani masu sanƙon da cewa aikinsu ya fi na kowa wuya, don sai ya nemo gashin kafin ya aske.

Da hannun nan ya ciyar da gidansa, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a.

Wata safiya yana gyara wa wani gemu, almakashi ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aka ceci ransa, bakin da ya karkace ya dawo daidai, sannan aka tura shi sashen gashin ƙashi, inda ake sake koya wa jiki motsi.

Shugaban sashen, majinyata Saja suke kiransa a bayan idonsa, saboda yadda yake ba da umarni kamar a filin fareti. Ya san aikinsa, wannan ba mai ƙwace masa. Amma tsarinsa ɗaya ne tak ga kowa. Direba, tela, malamar makaranta, kowa ya kama ƙarfe ya koyi tafiya. Ranar da ka taka daga ƙofa zuwa taga ba sanda, ka warke, a ba wani gurbinka. Abin alfaharinsa shi ne ba a barin sashensa a keken guragu. In ya shigo ɗaki ƙasa yake kallo. Kowa da ƙafarsa ya san shi.

Tun zuwan farko Dogo ya yi masa bayani cikin ladabi. Ya ce shi mai aski ne, in ta kama ko a kan doguwar kujera zai iya zama ya yi aikinsa, amma yatsun nan da suke neman naɗewa su ne abincinsa.

Saja bai ɗago kai ba. "Ƙafa tukuna, Baba. Hannu zai biyo baya."

"Ranka ya daɗe," in ji Dogo, "ni dai ban taɓa yi wa kowa aski da ƙafa ba."

Majinyata suka kwashe da dariya. Saja bai yi ba. Matar Dogo ta mintsine shi a gefe, a hanyar gida kuma ta wanke shi tas. Ta ce da kyar suka samu gurbi, shi kuma zai ja da bakinsa a kore su. Ta ce mutumin da ya yi shekaru yana karatu ba zai zauna mai aski yana koya masa aiki ba. Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne. Talaka in ya shiga asibiti, har numfashinsa a hankali yake yi kada ya ɓata wa wani rai.

Haka Dogo ya ci gaba da kama ƙarfe. Ƙafa tana samun ƙarfi, hannu yana rataye a ƙirji kamar ba nasa ba.

Ana nan aka kawo wata sabuwar ma'aikaciya sashen, mai tabarau, mai sanyin murya. Ita ce ta fara jawo kujera ta zauna kusa da shi. Da ta ji sana'arsa, sai ta ce ya nuna mata da hannun hagu yadda yake riƙe almakashi da mataji. Washegari ta zo da mataji, ta nannaɗe matajin da bandeji ya yi kauri. Ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ta sa masa shi.

Wani tsohon direba da ke jinya tare da su ya miƙo kansa, ya ce a gwada a kansa, dama matarsa ta ce kan ba shi da amfani. Dogo ya ja matajin da kyar, gumi na zuba. Sai babban yatsansa ya motsa. Kaɗan ne, amma ya motsa, kuma kowa ya gani.

Ranar a mota Dogo bai bar kowa ya huta ba. Har tsara wa matarsa yake yadda zai sake fentin shago.

To, ga inda abin ya lalace. Layin majinyata ya kai har baranda, ma'aikata kuwa ba su taka kara sun karya ba. Saja ya kira mai tabarau ya ce lokacin da take ɓatawa a kan yatsun mutum ɗaya ya isa a tayar da wasu da yawa tsaye. Kuma in za a faɗi gaskiya, ba ƙarya ya yi ba, layin yana nan. Ta ce masa mutumin nan ba tafiya ya zo nema ba, sana'arsa ya zo nema. Ya ce ita ba ta san yadda ake tafiyar da sashe ba. Ba a jima ba aka mayar da ita wani ɓangaren.

Kafin ta tafi ta tare matar Dogo a baranda, a tsaitsaye, ta nuna mata yadda za ta riƙa miƙar masa da yatsu a gida. Matar ta gwada. Dogo ya yi ƙara don zafi, ita kuma ta tsorata kada ta karya masa yatsa, ta bari. Ba wanda za ta tambaya.

Ranar sallama Dogo ya taka daga ƙofa zuwa taga ba sanda. Aka yi ta tafi. Saja har da murmushi. Dogo ya sake ɗaga maganar hannu, sai aka miƙo masa ƙwallon roba aka ce ya riƙa matsawa.

Jama'a, hannun da matsalarsa ita ce ya ƙi buɗewa, shi aka ba aikin matsewa.

Dogo kuwa mutum ne mai biyayya. Safe da yamma yana matsa ƙwallo. Maƙwabta na zuwa barka, kowa na cewa ai ya warke sarai, ga shi yana tafiya kamar bai taɓa kwanciya ba. Shi kuma yana amsawa, hannun na ɓoye cikin aljihu. Yatsun suka ci gaba da naɗewa har ƙwallon ma ya daina shiga. Shago na rufe, masu zuwa aski suka gaji da jira suka kama gabansu.

Da abin ya ishe shi, ya ɗauki matarsa suka koma asibiti. Tun daga nesa Saja ya gane tafiyar. Ya kira ma'aikatansa su zo su ga aiki, ya ce su dubi yadda diddigen ke sauka daidai.

 Dogo ya fitar da hannun ya ɗora a kan tebur.

Saja ya kama yatsun zai buɗe, suka ƙi. Ya ƙara ƙarfi, Dogo ya cije leɓe. Farce har ya yi shaida a tafin hannun. Saja ya ce jijiyoyin sun riga sun ƙanƙance. Za a iya rage masa zafi, amma aikin yatsu mai laushi, gaskiya ya cire rai. Sai a lokacin ya ɗago ya dubi fuskarsa.

"Wane aiki ma kake yi, Baba?"

Matar da kullum take mintsinin mijinta don ya yi shiru, ita ce ta amsa. "Ya faɗa maka tun ranar farko, Likita. Ni na hana shi maimaitawa, don na ɗauka ka ji."

 Kunya ta kama Saja, wannan gaskiya ne. Amma iyakar abin da ya biya ke nan. Aka kira mai bi, ya koma kallon ƙasa.

Mai ginin da Dogo ke haya ya yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ya ba wani mai askin shagon, da kujerar da madubin. Dogo ya daina bin titin. Ya daina tsokanar kowa. Sumarsa ta taru, gemu ya cukurkuɗe, mutumin da a da shi yake yi wa kansa aski. Matarsa ta yi ta lallashi har wata rana ya tashi ya fita.

Da ƙafafunsa masu lafiya ya taka har shagon. Ya zauna a benci ya jira layi kamar kowa. Da aka zo kansa, ya hau kujerar da ya yi rayuwarsa a bayanta bai taɓa zama a kai ba. Sabon mai askin bai san shi ba. Ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya dube shi ta madubi.

"Baba, yaya kake so a yi maka?"

Dogo ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambaye shi ko kowa yake yi wa wannan tambayar.

Mutumin ya yi dariya. "Haba Baba, ai ba a sa wa mutum almakashi a ka ba a tambaye shi ba. Kansa ne."

Dogo ya gyaɗa kai. A ƙarƙashin ƙyallen ya riƙe hannun damansa da na hagu.

"Aske duka," ya ce, ya rufe ido.

Darasi: Kai likita, kai malamin makaranta, kai mai horar da 'yan wasa, wanda ke gabanka mutum ne, ba ƙafa ba, ba darasi ba, ba ƙwallo ba. Ka tambaye shi abin da yake so ya koma yi da rayuwarsa, in ya faɗa kuma ka ji. Layi na da tsawo, ma'aikata sun yi kaɗan, mun yarda, amma tambaya ba ta cin lokacin da nadama take ci. Ku kuma masu raka majinyaci, ku daina toshe masa baki don tsoron ɓata wa wani rai, jikinsa ne. Ku tura labarin nan ga duk wanda rayuwar mutane ke bi ta hannunsa, wataƙila ya ɗago kai tun kafin wani hannun ya rufe.