Yaɓen Goggo Tabawa

Ciyaman na ƙaramar hukuma ya kafa doka: duk bangon da aka yi wa rubutu, mai gidan ne zai goge, ko a garƙame gidan. Aka gurfanar da Goggo Tabawa.

Ciyaman ya daka tsawa: "Tsohuwa, ki goge yau!"

Goggo ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, bangona na ƙasa ne, ba ya kankaruwa sai yaɓe. Da kashin shanu muke kwaɓawa."

"Ki yaɓa mana!"

"Madalla. Yaranka ne suka rubuta sunanka lokacin zaɓe, har da zana fuskarka. Daga ina zan fara lafta kashin, sunan ko fuskar?"

Ciyaman ya yi gyaran murya. "Haba Goggo, ai wannan ado ne!"