Notin da Aka Yi Don Ya Karye

Akwai wani dattijo a unguwar Waziriyya da ke Jidda, ana kiransa Malam Badaru. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kwashe garin katako a wani gidan yankan katako a Khumra, da 'yar ƙaramar taraktarsa.

Abin da ke gaban taraktar shi ne abin kallo. Injin share dusar ƙanƙara ne, an ƙera shi don ƙasashen sanyi, ya iso Jidda cikin kwantenar tsofaffin ƙarafa. A garin da ko ruwan famfo da zafinsa yake fitowa, duk wanda ya ji aikin injin sai ya yi dariya. Badaru dai ya saye shi, ya gyara, ya ɗaura. Sai ga shi yana haɗiye garin katako yana feso shi cikin motocin masu kiwon kaji da dawaki. Da shi ya riƙe gidansa.

Ɗansa Othman ya tashi da ƙamshin katako a rigar mahaifinsa, kuma har yau idan ya ji wannan ƙamshin sai kewa ta kama shi.

Injin yana da hali guda. Tsakanin akwatin giya da ƙarfen da ke juyawa akwai wani ƙaramin noti mai laushi. Da ya ci karo da guntun katako, sai notin ya karye, komai ya tsaya. Badaru ya sauko, ya buɗe gwangwanin madara cike da irinsu, ya sa sabo, ya hau. Wata rana har sau uku.

Da gwiwoyin tsoho suka gaza, Othman ya karɓi aikin. Ya yi karatun kanikanci, da takardarsa a bango, kuma kunya yake ji a ga yana sauka yana hawa kamar mai sayar da shayi.

"Abuya, wannan notin banza ne," in ji shi ga mahaifinsa. "Na samo na ƙarfe mai tauri, ko guduma ba ta lanƙwasa shi."

"Ya waladi, ɗana, bar shi yadda ka same shi. Don ya karye aka yi shi, saboda..."

"Halas, Abuya. Zamaninku daban, namu daban."

Badaru ya kalli ɗansa. A ranar Othman ya ɗaura notinsa mai tauri.

Mako uku injin bai tsaya ba ko sau ɗaya. Othman ya riƙa gama aiki kafin azahar, yana taku kamar shi ya ƙera taraktar. Har direbobi yake gaya wa cewa tsoho ya ɓata shekara ashirin a hawa da sauka.

Wata safiyar Talata, ashe akwai guntun rodi kwance cikin garin katakon. Injin ya haɗiye shi. Notin nan mai tauri ya cika alƙawari, bai karye ba. Akwatin giyar ne ya tsage gida biyu, baƙin mai ya malale a ƙasa.

Othman ya zaga Khumra warsha bayan warsha, wato wuraren gyaran injina. Kowa amsarsa ɗaya: wa zai ajiye kayan injin ƙanƙara a Jidda? Mai walda ya duba haƙoran giyar da suka zube, ya girgiza kai.

A kwana na huɗu Badaru ya ce a kai shi ya gani. Ya dogara sandarsa har gaban injin, ya durƙusa da ƙyar, ya zaro notin. Miƙe yake sambal, ko ƙwarzane babu.

"Masha Allah, da gaske mai ƙarfi ne," in ji shi a hankali. "Shi ya tsira."

Othman ya so tsoho ya yi masa faɗa, ko zagi ma, da ya fi masa sauƙi. Amma Badaru hannu kawai ya ɗora a kan ƙarfen, ya daɗe a haka.

"Abuya, ka yafe mini. Ka fara gaya mini dalili, na katse ka."

"Na yafe, ya waladi. Na dai so a ce injin nan ya tsufa a hannunka. Yalla, kai ni gida."

Washegari motar masu sayen tsofaffin ƙarafa ta zo. Othman da kansa ya kwance injin daga gaban taraktar, yana kwancewa yana share hawaye da hannun riga.

Darasi: Ba kowane rauni ne aibi ba, wani ƙaramin abu yana karyewa ne don babba ya rayu. Kafin ka gyara abin da dattijo ya riƙe shekara da shekaru, bari ya ƙarasa maganarsa. Ku tura wa duk wanda yake da babba a gida da har yanzu zai iya tambaya.