Harsashi Biyu a Allon Kofur Tanimu

An yi wani mutum, 'yan uwa, wani bawan Allah a wani gari, shekaru masu yawa da suka wuce. Sunansa Tanimu. Ɗan sanda ne, cikin waɗanda ake ba bindiga a tura su duk inda rikici ya ɓarke. Shekara goma sha shida yana kofur, igiya biyu a hannun rigarsa, shi da matarsa Ladidi da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya cikin bariki.

Rannan aka sanar za a zaɓi waɗanda za a tura makarantar horar da hafsoshi, su fito da anini a kafaɗa. Aka kuma sa iyakar shekaru. Tanimu ya duba, ya ga bana ce damarsa ta ƙarshe. In ta wuce shi, ta wuce ke nan.

Ku saurara, wannan zaɓe ba wasa ba ne. Mutum ɗari uku suka je, talatin ake so. Aka yi jarrabawar rubutu, Tanimu ya ci. Aka yi gudu da kaya a baya, matasa suna zubewa a hanya, shi ya kai. Likita ya duba ido, ya duba ƙirji, ya ce lafiya lau. Saura harbi, sai ganawa da kwamitin manya.

Ranar harbi aka jera su a fili, kowa da allonsa can nesa. Harsashi goma aka ba kowa, kuma sai bakwai sun sami allo mutum zai wuce. A damansa akwai wani matashi, Namadi, wanda ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

Aka busa usur. Tanimu yana harbi yana lura. Sau huɗu ya ga ƙura ta tashi a gefen allonsa, ya san ya kuskure. Shida ke nan. Ya kuma ga wani abu: sau biyu allonsa ya girgiza alhali bai ja kunamar bindiga ba.

Sufeto mai kula da filin ya je ya duba, ya ɗaga murya: "Kofur Tanimu, takwas, ya wuce! Namadi, biyar, koma gefe!"

To, 'yan uwa, ku tsaya nan. Wa ya gani? Sufeto bai gani ba. Namadi kansa bai san allon wani ya harba ba. Harsashi ba ya ɗauke da sunan mai shi. Tanimu ne kaɗai ya sani, sai Ubangijinsa. Da ya yi shiru, ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don bai buɗe baki ba. Ya tuna ɗakin nan ɗaya. Ya tuna Ladidi.

Sai ya tako gaba, ya ƙame, ya sara.

"Yallaɓai, ina da magana. Biyu daga cikin takwas ɗin nan ba nawa ba ne. Na wannan ne." Ya nuna Namadi.

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Ya rage murya ya ce, "Kofur, ka san abin da kake faɗa? Na riga na rubuta."

"Na sani, yallaɓai. Shida na samu."

Aka kai maganar gaban shugaban kwamiti, wani dattijon hafsa mai furfura. Ya ce a sake musu harbin su biyun. Aka sake. Namadi ya sami takwas. Tanimu ya sami shida. Shida dai, ba ƙari.

Shugaban ya sa aka kira shi. Ya ce, "Kofur, me ya kai ka? Kana ciki ka fitar da kanka."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, hafsa shi ne mai cewa a harba, shi ne mai cewa kada a harba. Wata rana za a tambaye shi harsashin wa ya sami ɗan wani. In na fara da karɓar harsashin da ba nawa ba, yaya zan amsa ranar?"

Dattijon ya ce, "Doka ba ta ba ni ikon sa ka ciki ba. Da ta ba ni, da kai zan fara rubutawa." Ya miƙe daga kujerarsa, ya ba shi hannu.

Na san kuna jira in ce an kira shi daga baya an liƙa masa anini. Ba a kira shi ba. Ya koma bariki da igiyarsa biyu. Ladidi ta tare shi a ƙofa, ya gaya mata komai bai rage ba. Ta zauna a bakin gado ta yi kukanta, don ita ma mutum ce. Da ta share ido ta ce, "Baban Asabe, da ka shigo mini da aninin wani, da ban iya wanke rigar ba. Tashi ka ci abinci."

Ya ci gaba da aiki, ya yi ritaya yana saja, ya koma garinsu ya kama noma. Amma labarin ya riga shi yawo. Duk barikin da ya zauna, in aka yi gardama, sai a ce a kira Tanimu. In ya ce haka aka yi, magana ta ƙare.

Bayan shekaru, wata Juma'a an sallame, motoci suka tsaya a bakin masallacin garin. Wani babban hafsa ya fito, kafaɗa cike, dakaru a bayansa. Namadi ne. Ya ratsa jama'a, ya wuce masu gari, ya tsaya gaban wani tsoho mai koɗaɗɗiyar riga. Ya ƙame, ya sara masa. Ya juya ga dakarunsa ya ce, "Duk abin da kuke gani a kafaɗata, mutumin nan ne ya miƙo mini shi da bakinsa. Ku sara masa."

Suka sara gaba ɗaya. Tsoho Tanimu ya rasa inda zai sa kansa don kunya, sai cewa yake, "Haba yallaɓai, ai naka ne, naka na ba ka."

'Yan uwa, irin waɗannan mutane daga cikinmu suka fito, kuma da su muke ɗaga kai. Gaskiya ba ta tsaya ga kada ka yi ƙarya ba. Har da kada ka yi shiru a kan abin da ka san ba naka ba ne. Kai da aka rubuta wa ɗanka makin ɗan wani, kai da aka yabe ka a kan aikin abokinka ka yi murmushi, ke da aka ba ki gurbin wata bisa kuskure, kun sani, Allah ma ya sani. Ku tako gaba ku faɗa, ko da za ku koma gida hannu biyu. Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar yin haka. Amin.