Sirrin Ghali da Bakin Sunusi

Akwai wani direba mai suna Ghali, mutumin Gusau, da ke tuƙa wani Balarabe a Al Rayyan, kusa da Doha, wajen shekarar 2006. Tun tasowarsa ƙirjinsa ya cika kamar na mace, muryarsa kuma siririya ce. Duk zafin Doha, sai ya ɗaure ƙirjin da ƙyalle kafin ya zura jallabiya.

Da ciwo ya matsa masa, ya je wani ƙaramin asibiti a unguwar Old Airport. Sunusi, Bahaushen da ke aikin jinya a wurin, shi ya yi masa tafinta. Ghali ya saki jiki, ganin ɗan gida ne.

Ranar Juma'a, a majalisar Hausawa ta bakin teku a Corniche, Sunusi ya fasa ƙwai. Ya ce da idonsa ya gani, Ghali mata-maza ne, har ya ƙara da ƙaryar cewa neman maza yake yi. Aka daina cin abinci da Ghali. Magana ta kai kunnen kafil ɗinsa, Balaraben da yake tuƙawa, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya karɓe makullin mota.

Ghali bai yi kuka ba, ya dai rantse sai ya rama. Wata biyu yana bin waɗanda suka ji maganar, har mutum uku suka yarda su yi shaida. Ya kai su gaban shugabar asibitin, Dakta Nasiratu.

Ta kira Sunusi ta ce, “Abin da ke jikinsa halitta ce, ba ta nuna wanda yake so ko ba ya so. Kuma ko mene ne, wa ya ba ka izinin fitar da shi waje?”

A ranar aka kore shi, aka soke bizarsa. Ghali kuwa ta ɗauke shi direban asibiti.

Ana gobe Sunusi zai tafi, ya zo wajen Ghali ya durƙusa yana cewa, “Ɗan'uwa, ka yafe mini, ina da iyali.”

Ghali ya dube shi ya ce, “Ni ma ina da uwa, kuma ƙaryarka ta kai mata har Gusau. Ban yafe ba. Mu haɗu gaban Allah.”

Darasi: Sirrin majinyaci amana ce, kuma halittar mutum ba shaidar halinsa ba ce. Wanda ya tona asirin wani, Allah zai tona nasa. Ku tura wa ma'aikatan lafiyar da kuka sani.