Rijiyar Ginsau da Tuluna Masu Ido

Tun zamanin da Dutsen Gurza ke cikin kurmi, maharbi Ginsau ne ya fara kafa bukka a gindinsa. Ginsau ƙi-gudu, mai kibiyar da ba ta faɗuwa ƙasa banza! Mutane suka biyo shi suka zauna, shi kuwa ya sa a ransa garin zai ci sunansa.

Sai wata damisa ta tare hanyar rafi. Ba ta fuskantar kowa, ta baya take dirar wa mata masu ɗebo ruwa. Ginsau ya yi ta kwanton ɓauna har damina ta wuce, ko jelarta bai gani ba.

Yayarsa Kyallu, maginiyar tukwane, tana haƙar yumɓu wata rana sai ta ga ƙadangare ya lallaɓo zai cafke malam-buɗe-littafi. Ɗan ƙwaron ya ware fukafukai, sai ga zanen manyan idanu biyu. Ƙadangare ya ja da baya, ya arce. Kyallu ta jiƙa farar ƙasa, ta zana idanu ƙulu-ƙulu a bayan kowane tulu. Daga ranar, in damisa ta leƙo ta ga ana kallonta, sai ta noƙe.

Mata suka koma waƙe Kyallu a wurin daka. Kishi ya turnuƙe Ginsau, ko tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ya same ta ya ce, "Yaya, da farar ƙasa za ki ƙwace mini gari?"

Ta ce, "Ƙanena, ni dai a sha ruwa lafiya. Gari kuwa, riƙe abinka."

Sanyin amsar nan ya fi ƙona shi. Ya jingine baka, ya ɗauki dagi, ya rantse sai ya tono ruwa a cikin shingen gari, kowa ya huta da rafi da tulunanta. Ya yi ta sarar dutse har tafukan hannunsa suka fashe. An ce ran da ya kai ga ruwa, sai da dutsen ya yi ƙugi.

Ya zauna bakin rijiya yana jiran kirari. Mata suka zo a jere, suka durƙusa suka yi masa sannu da aiki, kowace da tulunta mai ido, don hannu ya riga ya saba. Ginsau ya kau da kai.

Rijiyar na nan, ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma zuriyarsa har gobe ba sa ɗaukar tulu mai zane. Amma baƙon da ya tambayi hanyar Garin Ginsau zai sha yawo. Sai in ya ce garin Idon Kyallu yake nema, sannan za a nuna masa.