Askin Sanata Mamuda da Kujerar Alƙali

Masu riƙe da labarai sun ce a wata ƙasa ta tarayya an yi wani sanata mai suna Mamuda, ɗan jam'iyyar Garma. Shugaban ƙasar kuwa ɗan jam'iyyar Fitila ne. A dokarsu shugaba ke kawo sunan wanda zai zama alƙalin kotun tarayya, amma ba ya hawa kujera sai majalisar dattawa ta amince.

Shugaba ya kawo sunan wata mace, Mai Shari'a Lantana Bawa, domin kotun yankin su Mamuda, wadda ta yi wata goma sha huɗu ba alƙali. 'Yan Garma suka haɗu suka ce duk wanda Fitila ta kawo a ƙi shi, tunda haka Fitila ta yi wa nasu a baya. Aka duba majalisa, aka ga ƙuri'a za ta yi kunnen doki, sai inda Mamuda ya karkata. Jagoran jam'iyya ya aiko masa cewa in ya saɓa, kada ya sa ran tikitin takara a zaɓe mai zuwa.

A cikin wannan hali mahaifinsa ya rasu. Washegarin sadakar arba'in, da hantsi, Mamuda na zaune shi kaɗai a zauren tsohon. Buzun sallarsa na rataye inda ya bar shi, takalmansa na bakin ƙofa suna fuskantar waje, kamar mai su zai fito yanzu. Sai ga sallamar Baba Jatau wanzami, wanda ya shekara arba'in da ɗoriya yana yi wa marigayin aski duk Juma'a. Shi ya aske Mamuda ranar sunansa.

Baba Jatau ya ajiye zabira ya dube shi. "Mamuda, wannan suma fa? Ko a majalisar taku ma an hana tabbatar da wanzami?"

Mamuda ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. "Baba, har nan maganar ta iso?"

"Rediyo ba ta da wata hira. Matso nan. Kai ne sanata, amma mai aska a hannu shi ke da zaure."

Ya jiƙa masa kai, ya fara. Mamuda ya zayyana masa komai, ya ƙare da cewa, "Su suka fara, Baba. Namu mutum uku suka riƙe har wa'adinmu ya ƙare."

Baba Jatau ya goge aska a tafin hannu ya ce, "Haka Magajin Gabas ya ce a Tungar Maje."

"Wane ne Magajin Gabas?"

"Kada ka motsa, in ba ka labarinsa."

Wanzami ya ce: Tungar Maje gari ne da kogi ya raba biyu, Gabas da Yamma. Al'adarsu, in Sarkin Fito ya mutu sai a kife dukkan kwale-kwale a kan gaɓa, ba mai juya ko ɗaya sai an naɗa sabo. Naɗin kuwa ba ya yiwuwa sai Magajin Gabas da Magajin Yamma sun haɗu a tsibirin tsakiya sun ɗora hannu tare a kan filafilin marigayin. Wata shekara Sarkin Fito ya mutu a farkon damina. Yamma ke da layin kawo mutum, suka kawo Ɗanliti, wanda ya san duwatsun kogin kamar ɗakunan gidansu. Magajin Gabas bai ce Ɗanliti na da aibi ba. Cewa ya yi shekara tara da suka wuce Yamma ta ja wa nasu rai wata biyu, don haka shi ma zai naɗe hannu wata biyu.

Ruwa ya yi ta ƙaruwa. A Gabas akwai wani magidanci, Sallau, mahaifiyarsa na Yamma tana jinya. Kullum sai ya tsaya bakin gaɓa, ƙanwarsa ta fito a can ta ɗaga masa zane alamar da sauran numfashi. Ran nan ba ta fito ba. Maza ya gani sun fito da makara. Ya tsaya cikin laka har gwiwa, suna kabbara yana binsu daga wannan gaɓa, iska na kawo masa muryar liman guntu-guntu.

Da yamma ungozomar garin, Inna Tabawa, ta tarar da Magajin Gabas cikin dattawa. Ta ce, "Magaji, ni na yanke maka cibi, saboda haka zan zauna ba sai ka ba ni wuri ba. Ka taɓa jin abin da ya sami tsuntsayen kukar bakin fadama?"

Ya ce, "Ban ji ba, Inna."

Ta ce: Balbelu da kurciyoyi ne suka yi sheƙa a kuka ɗaya, maciji ya dame su da shan ƙwai. Suka yarda a sa mai gadi, da sharaɗin sai kowane ɓangare ya amince. Balbelu suka kawo shamuwa, mai ido da baki mai ƙarfi. Kurciyoyi suka ce dogon wuyanta irin na balbelu ne, ba su yarda ba. Kurciyoyi suka kawo hasbiya, wadda ba ta da nauyin barci. Balbelu suka ce ai 'yar ɗakinku ce. Haka suka ƙi duk mai amfani, har aka zo kan hawainiya. In ta je wajen balbelu sai ta yi haske, in ta koma wajen kurciyoyi sai ta yi toka-toka. Kowa ya ce tasu ce, aka naɗa ta da guɗa. Ranar da maciji ya hawo, sai ta rikiɗe ta zama launin reshe, ta yi shiru har ya gama ya sauka.

Inna Tabawa ta ce, "Ka ci gaba da naɗe hannu, Magaji. Ɗanliti zai gaji ya tafi, a ƙarshe ku haɗu a kan wanda bai taɓa ɓata wa kowa ba domin bai taɓa riƙe filafili ba. A jirginsa jikokinka za su shiga."

Washegari Magaji ya sa aka yi wa Yamma kiɗan kira, ya bi ruwa har wuya zuwa tsibiri, ya ɗora hannunsa. Aka juya kwale-kwale. Sallau ne ya fara shiga, amma kabari ya je ya tarar.

Baba Jatau ya tsaya nan, ya sake jiƙa aska. Mamuda ya tuna da nasa rashin. Shi ya samu ya riƙe hannun mahaifinsa har ƙarshe, ya kuma san abin da wannan ya rage masa na ciwo. Ya yi ƙoƙarin ganin kansa a cikin lakar nan, ya kasa.

Can ya ce, "Wato so kake in amince da ita."

"Ni ban san ta ba. Kai ka san ta? An ce an raba muku hukunce-hukuncen da ta yanke a baya."

Mamuda ya ce, "Suna mota. Ban kwance igiyar ba."

"To, ka kwance. In azzaluma ce, ka miƙe a majalisa ka ƙi ta, ka faɗi dalili kowa ya ji. Abin da na sani kaɗan ne, Mamuda. Duk Alhamis nakan je gidan yari in yi wa masu jiran shari'a aski. Da can in na aske mutum sau biyu ko uku, sai in ji an sallame shi ko an yanke masa. Yanzu kawunan nan na haddace su. Akwai wani direba, gashi baƙi wuluk na fara aske masa, makon jiya na ga furfura. Har yau ba wanda ya ce masa yana da laifi ko ba shi da shi."

"In suka hana ni tikiti fa, Baba?"

"Sai ka dawo gida. Zauren nan na buƙatar mai zama, ni kuma Juma'ata ta zama fanko."

Mamuda ya yi dariya, hawaye ya biyo ta, bai share ba. Ya ciro waya, rabin kansa a aske, ya kira jagoran jam'iyya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zan karanta takardun matar nan. Abin da na gani a ciki, shi zan jefa, ko da ya saɓa wa namu." Jagora ya yi ta faɗa, daga bisani ya kashe waya.

Mamuda ya ajiye ta a kan tabarma ya ce, "Na ji, Baba. Na kuma ɗauka."

Baba Jatau ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Sunkuyo, saura ƙeya."

Sanata ya sunkuyar da kai.