Mutumin da ya Ƙwace Gonar Gawo

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Guci, mai rumbu, mai awaki, amma idonsa bai san ƙoshi ba. Ƙaninsa ya rasu ya bar mata mai suna Hinda, da marayu, da gona cike da gawo. Geron gonar nan kan fi mutum tsawo. Tasa kuwa fili ce fetal, don duk tsiron da ya leƙo sai ya sare shi lokacin sassabe.

Kullum ya wuce gonar marayu sai ƙirjinsa ya yi zafi. Ƙarshe ya ce ai shi ne babba a gida, dole a yi musanyar gona.

Hinda ta ce, "Ɗauka, Yaya. Amma don Allah kada ka taɓa gawon nan, shi ke ciyar da ƙasar."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Itace ke ciyar da ƙasa? Da wane ludayi?"

Ya 'yan uwa, kun san gawo, itace ne mai kunya. Da damina yakan zubar da ganye ya bar wa gero rana. Da rani ya yi kore shar, shanu su kwanta a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar taki. Saiwarsa ma ƙarfi take ƙara wa ƙasa. Wa zai ɗaga wa irin wannan itace gatari?

Shi ya ɗaga. Ya kai itacen Magariya a amalanke, ya dawo da babur yana oda har kaji na gudu.

Sai iska ta samu hanya. Rairayi ya binne shuka, geron da ya tsira ya tsaya a gwiwa. Awaki suka tafi kasuwa, babur ya bi su.

Can a tsohuwar gonarsa, Hinda da 'ya'yanta suka bar tsiron gawo, suna rage masa rassa yana miƙewa. Shekaru kaɗan, ƙasa ta farfaɗo.

Mutumin ya je wurin mai gari neman a sake musanya. Mai gari ya ce, "Malam, gatarin naka ne bai ƙoshi ba?" Dattawa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Bana a gonar marayun yake ƙodago.

Ya 'yan uwa, azzalumi na iya ƙwace gona, amma albarka ba ta bin sa. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin maraya, ya raya gonakinmu. Amin.